Harawar Wuni Guda

Tun da mijin Tabawa ya rasu Dagaci Barau ya sa wa gonarta ta wake ido. Ran nan ya kira ta gaban dattawa.

"Mace ba ta riƙe gona irin wannan. Gobe da safe ki yanki harawa, ki kawo wa dokina busasshiya kafin azahar. In kin kasa, gona ta dawo hannuna."

"Ba wuya, ranka ya daɗe."

Washegari ta sauko da dami daga kan rumbu, ta dire gabansa. Ya murza ganyen, ya ji ƙayau.

"Ke Tabawa! Wannan ta fi sati a rana!"

"Kana gonar na yanke ta, ranka ya daɗe?"

"Sai na je? Ko jaki ya san harawa ba ta bushewa a wuni guda!"

Tabawa ta dubi dattawa. "Kun dai ji. Jaki ya sani, ashe Dagaci ma ya sani. In tana bushewa, ga ta na kawo. In ba ta bushewa, aiken me aka yi mini?"

Dattawa suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ta naɗa gammo, ta ɗauki daminta.

Dagaci ya ce, "Ba kya bar wa dokin ba?"

"Ya zo kasuwa ran Laraba, mu yi ciniki."