Kwamfutar da Ke Ƙarƙashin Gadon Baba

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da abokan sana'a ke tsokana da Sabon-Yayi, don duk na'urar da ta faɗo hannunsa sai ya ɗura mata sabuwar manhaja, ko ta so ko ta ƙi.

Mahaifinsa tsohon mai buga takardu ne. Tsufa ya tafi da tunaninsa, har ɗan nasa ya daina ganewa. Kullum tambayar ɗaya ce: "Bawan Allah, wa kake nema?" Abin nan yana cin ran Sabon-Yayi.

Wata rana ya jawo tsohuwar kwamfutar Baba daga ƙarƙashin gado, wai zai faranta masa. Gogan naku ya goge manhajar ciki tas, ya loda ta zamani. Kwamfutar ta yi ta nishi kamar jakin da kaya suka yi wa yawa. Baba ya leƙa allon, ya kau da kai.

"Wannan ba tawa ba ce."

Mahaifiyarsa, Inna, ta riƙe haɓa. "Oh ni! Tsohuwa za ka ɗinka wa kayan 'yan mata?"

Sabon-Yayi ya fita nema. Ya bi shago-shago har ya samo faifan manhajar zamaninta a kwandon wani mai tsofaffin kaya. Ya saka, ya cire duk abin da ya fi ƙarfinta. Sannan ya zauna gaban Inna, ya tambaye ta yadda fuskar kwamfutar take a da.

Inna ta lumshe ido. "Allon kore ne, irin ganyen da ruwa ya wanke. Haruffan manya-manya. Hotonka kana rarrafe a tsakiya. In ta tashi, akwai wata 'yar ƙara mai daɗi."

Ya sake ɗora hoton daga wanda ke rataye a bango. Ya yi ta gyara koren, tana cewa ƙara, a'a, rage.

Da hantsi, rana ta kwanto kan tebur, ya zaunar da Baba gaban kwamfutar, ya kunna. 'Yar ƙarar ta ratsa ɗakin a hankali. Yatsun Baba suka tashi da kansu suka sauka kan madannai. Ya daɗe yana kallon jaririn da ke allon, sannan ya waiwayo.

"Auta, kai ne? Matso kusa, amma kar ka ja mini waya."

Ƙato da gemunsa ya durƙusa, ya fashe da kuka.

Darasi: Ba kowane tsohon abu ne ke neman sabuntawa ba. Kafin ka goge, tambayi wanda ya saba da shi, ka bi tsofaffinka a hankali. Tura wa wanda iyayensa ke raye, ko zai leƙa su yau.