Motar Da Mai Ita Kaɗai Ya San Halinta

Akwai wani bawan Allah a Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya, ana ce masa Malam Abdulhamid. Ma'aikacin gwamnati ne, ba mai hali ba, amma yana da abu ɗaya da duk layinsu babu mai shi, wato mota.

To, mota dai ce. Wata 'yar ƙarama ce, tsohuwar yayi, da ya gada wurin mahaifinsa. Fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa kan launin da aka sayo ta da shi. Amma tana tashi, kuma tana kai mutum inda za shi.

Motar nan ta zama ta unguwa. Mace ta fara naƙuda, a kira Malam Abdulhamid. Tsoho ya zame a banɗaki, a kira shi. Za a je ta'aziyya Tudun Wada, shi dai. Bai taɓa cewa a'a ba, kuma gaskiyar magana yana jin daɗin a riƙa faɗa cewa bai taɓa cewa a'a ba. Alherinsa na gaske ne, ban musa ba, amma akwai son yabo a ciki, irin wanda ke cikin da yawa daga cikinmu.

Da damina ta kankama, sai birkin motar ya fara ba shi matsala. In ya taka, ƙafarsa sai ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Sai ya ɗaga ya sake takawa kafin ya kama. Man birki kuwa, ya cika da safe, kafin yamma ya ragu.

Wata rana bayan la'asar ya dawo daga aiki, ya zo zai tsaya a ƙofar gida inda abokansa ke zaman majalisa. Ya taka, motar ta ƙi ji. A hankali ta gangara ta tunkuɗe bencin da suke kai, butar shayi ta kife, manyan mutane suka watse da takalma a hannu.

Alhaji Jamilu, wani ɗan kasuwa da bakinsa ba ya raga wa kowa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Abdulhamid, wannan ba mota ba ce, kaka ce. Ka kai ta ɗaki ta huta. In ba haka ba wata rana sai mun tsamo ka daga cikin zauren wani."

Kowa ya yi dariya, har da Kabir, amininsa tun suna makarantar allo, mai ɗinkin manyan riguna a bakin kasuwa. Abdulhamid ma ya yi murmushi, amma maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Motar mahaifinsa ce, kuma ita ce mutuncinsa a unguwa.

Washegari ya kai ta garejin Sadiƙu, bakaniken da ya daɗe yana duba masa ita. Sadiƙu ya kwance tayoyin gaba, ya ga abin da ke matse taya ya cinye, ya sa sabo. Sannan ya shiga ƙarƙashi don ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai, yana ce wa Abdulhamid, "Taka. Riƙe. Saki." Birki ya ɗan kama, aka yi murna.

Ba a jima ba ya koma gidan jiya. Aka dawo, aka buɗe masta, wato tukunyar da ke tura man in an taka, aka canja robobinta. Nan ma dai man bai fasa raguwa ba. A zuwa na gaba Sadiƙu ya bi bututun da hannu tun daga gaba har baya, ya fito da yatsunsa jiƙe da mai.

"Malam, ga ɓarawon nan. Bututun da ke kai mai tayoyin baya ne tsatsa ta cinye, yana tsiyaya. Irin nasa kuwa babu a Zariya, sai na aika Kano an nemo. Ka bar ta a nan har ya zo."

"In bar ta? Gobe na yi wa mutane alkawarin kai su asibiti. Babu wata dabara?"

Sadiƙu ya sosa ƙeya.

"Akwai, amma ta wucin gadi ce. Zan naɗe bututun in daddage shi da guduma, mai ya daina zuwa baya gaba ɗaya. Birki zai yi tauri a ƙafa, sai dai tayoyin gaba kaɗai za su riƙa kamawa. Cikin gari a hankali za ta yi maka. Kada ka yi gudu da ita."

"Yi hakan kawai."

Aka yi. Da Abdulhamid ya taka, sai ya ji birki tsaye ƙyam a ƙarƙashin ƙafarsa. Rabon da ya ji shi haka har ya manta.

Mutum ne mai lura, don haka bai wuce gida ba. Ya fita hanyar Kufena inda babu cunkoso, ya ɗan ba ta wuta, sannan ya danne birki da ƙarfi. Motar ba ta tsaya inda ya zata ba. Ta ja tayoyi ta yi nisa, kanta ya karkata hagu, har sai da ya yi kokawa da sitiyari kafin ya dawo da ita kan titi. Ya daɗe zaune a ciki. Tun daga wannan rana ya san abin da yake tuƙawa, kada wani ya ce bai sani ba.

Amma da ya iso majalisa, me ya yi? Ya buɗe ƙofa ya kira Alhaji Jamilu.

"Alhaji, zo ka taka kakar taka ka ji."

Jamilu ya shiga ya taka, ya sake takawa, ya gyaɗa kai.

"A'a, lalle an yi aiki. Wannan kamar dutse. Na janye maganata."

Ranar Abdulhamid ya ci tuwo da daɗi.

Daga nan ya koyi zama da motar yadda take. Yakan fara rage gudu tun daga nesa, ya sauko da giya, ya ɗan danne sitiyari dama kafin ya taka. A lungunan cikin birni, inda akuya da yara da masu baro ba sa barin mota ta yi sauri, babu wanda ya taɓa lura. Sadiƙu ya kira shi ya ce bututu ya iso. Ya ce sai bayan Juma'a. Bayan Juma'a aka yi rasuwa, ya ce sai an share makoki. Kullum akwai mai buƙatar motar, shi kuma kullum bakinsa ba ya iya furta a'a.

Sai wata Asabar, an kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi. Za a ɗaura auren ɗan yayansa a masallacin unguwa, kuma shi ne wakilin ango, ba halin ya matsa ko nan da can. Yana tsaye a ƙofar gida cikin babbar riga, mutanen majalisa da baƙi kewaye da shi, sai ga Kabir. Matarsa Mariyamu na biye da shi daga ɗan nesa, riƙe da kular abinci.

"Mutumina, ƙanwar Mariyamu ce ta sauka jiya a Wusasa, za mu kai mata abincin jego. Na ga hidima ta riƙe ka. Ara mini makullin, kafin a watse mun dawo."

Abdulhamid ya dubi motar. Bai taɓa ba kowa tuƙin motar ba tun da aka daddage bututun. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Alhaji Jamilu ya riga shi.

"Ba shi mana. Ai yanzu kaka ta koma budurwa, ni shaida ne, da ƙafata na taka."

Aka yi dariya. Mariyamu ma ta rufe baki da gefen hijabi tana murmushi, ta ce, "Malam, in ka hana mu, sai na faɗa wa maijego kai ka sa kunun ya huce."

Duk ido na kansa. Ya ce gyaran bai ƙare ba, bayan shi ya kira Alhaji Jamilu ya taka a gaban mutane? Ya ja Kabir gefe, alhali ga baƙi na kallo? Ya ce a'a, shi da ba a taɓa ji daga bakinsa ba? Duk wannan ya wuce ta ransa cikin ƙiftawar ido. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa makullin.

"Ka dai bi a hankali, an yi ruwa."

"Haba, sai ka ce yau na fara tuƙi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana, yana ce wa kansa Wusasa ba nisa.

A masallaci jikinsa ne kawai ke zaune. Liman ya tambaye shi ko ya karɓa wa ango, sai da na kusa da shi ya taɓa shi kafin ya amsa. Ana shafa fatiha wayarsa ta fara ruri a aljihu, kuma tun kafin ya ɗauka ya san ba alheri ba ne.

Abin da ya faru shi ne, da suka fita ganuwa suka hau buɗaɗɗen titi, Kabir ya ƙara wuta kamar yadda kowane direba zai yi da motar da aka ce masa birkinta lafiya. Wata tifar yashi ta tsaya a gabansu ba zato. Ya danne birki. Motar ta sulale kan jiƙaƙƙiyar kwalta, kanta ya juya hagu, gefen da Mariyamu ke zaune ya daki bayan tifar.

Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Kabir ya karye a cinya, ko jana'izarta bai samu gani ba.

Abdulhamid na cikin waɗanda suka ɗauki makara. A maƙabarta mutane suna zuwa suna riƙe hannunsa, suna cewa, "Sannu Malam, kai dai alheri ka yi, Allah ya ba ka lada." Kowace sannu sai ya ji kamar an ɗora masa bulo a ƙirji. Ya hango Sadiƙu a bayan sahu. Idonsu ya haɗu, kowa ya sunkuyar da kai.

Daga ranar Abdulhamid ya zama wani mutum daban. Ya daina zaman majalisa. Abinci sai a kawo a ɗauke yadda aka kawo shi. In yaran Mariyamu suka wuce ta ƙofar gidansa za su islamiyya, suka durƙusa suka gaishe shi, sai ya shige zaure ya kasa fitowa. Ya je duba Kabir a asibiti, ya kai bakin ƙofar ɗakin ya juyo. Ya yi istigfari har ya rasa da wane baki zai ƙara yi, domin ya san akwai haƙƙin da ba a wanke shi a kan sallaya kaɗai.

Bayan an sallami Kabir, wata safiya aka yi sallama a zaure. Abdulhamid ya fito ya tarar da shi tsaye kan sanduna, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya taimaka masa ya zauna. Suka gaisa.

Kabir ne ya fara magana.

"Na zo neman gafara ne, Abdulhamid. Motar mahaifinka ka ba ni amana, na lalata maka ita. Na san shi ya sa ka kasa zuwa, kuma ban ga laifinka ba."

"Kabir..."

"Bari in gama. Kowa ya shaida lafiya lau ka ba ni ita. Ni ne na rikice. Kullum sai na sake tuƙa hanyar nan a raina, ina neman inda na yi kuskure. Na faɗa wa iyayenta, na faɗa wa yaran, ni na kashe musu uwa da gangancina. Kai ma ka yafe mini, ko na samu sauƙin abu ɗaya."

Nan Abdulhamid ya kasa riƙe kansa. Hawaye na zuba, ya faɗa masa komai: bututun da aka daddage, gwajin da ya yi a hanyar Kufena, kiran da Sadiƙu ya yi ta yi masa. Ya ce babu direban da zai iya tsayar da motar nan a jiƙaƙƙen titi in bai san halinta ba.

Kabir bai yi faɗa ba. Bai ɗaga murya ba. Tambaya kawai ya yi masa.

"Ka sani lokacin da kake miƙo mini makullin?"

"Na sani."

"Tana tsaye a gabanka tana yi maka wasa, ka sani?"

"Na sani, Kabir."

Kabir ya laluɓo sandunansa. Abdulhamid ya miƙa hannu zai taimaka masa, ya girgiza kai, ya dafa bango ya miƙe da kansa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kwananta ne ya ƙare, na yarda da wannan. Amma kalma ɗaya ce, Abdulhamid. Da ka faɗa, ai ga keke napep nan birjik a bakin titi."

Ya fita a hankali, sanda na ƙwanƙwasa ƙasa. Har yau gidajensu na kallon juna, masallacinsu ɗaya, in sun haɗu suna yin sallama kamar yadda addini ya ce. Bayan sallamar babu abin da ke biyo baya.

Darasi: In ka san aibin abin da za ka ba wani, mota ce ko wani abu, ka faɗa masa ƙarara, ko da a gaban mutane ne, ko da za a yi maka dariya. Kunyar da ta hana ka faɗin gaskiya ba kunya ba ce, son kai ne, kuma wani ne zai ɗauki nauyinta. Gyaran wucin gadi a birki ba gyara ba ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu mota da masu ara, wataƙila akwai wanda bakanike ke jira tun tuni.