Ranar da Yazid Ya Ƙi Tsayawa

A unguwar Nassarawo ta garin Mubi akwai wani saurayi mai tuƙa keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, sunansa Yazid. Ba malalaci ba ne, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba. Aibinsa guda ɗaya ne: ya tsani ɗan sanda, kuma ya mai da tsanar abin tinƙaho. A tashar keke kowa ya san shi da cewa ba ya tsayawa. In an ɗaga masa hannu a titi, sai ya karya kan keke ya faɗa lungu, ya ɓullo ta wata unguwa yana dariya.

Tsanar tana da mafari. Farkon shigarsa sana'a wani ɗan sanda ya mare shi a gaban fasinjoji, ya zare masa makulli, kan laifin da har yau bai san ko mene ne ba. Wancan mutumin an daɗe da ɗauke shi daga Mubi, Yazid ko fuskarsa ba ya tunawa. Marin ne bai manta ba. Sai ya ɗora shi a kan duk wanda ya sa baƙar riga.

A layinsu akwai wani ɗan sanda mai haya, Kofur Tizhe, mutumin Michika, da matarsa Eva. Bai samu ɗaki a bariki ba, shi ya sa ya zauna cikin jama'a. Mutum ne siriri mai sanyin murya. Takalminsa na aiki ya sha ɗinki har mai gyaran takalma ya gaji da ganinsa, rigar ruwa kuwa ba shi da ita, in damina ta kama shi a bakin aiki haka yake jiƙewa ya bushe a tsaye. In ya biyo ta majalisar samari, hira takan mutu. In ya yi gaisuwa, a amsa masa da rabin baki. Amma in ɓarawo ya haura gidan wani, ko faɗa ya kaure tsakanin maƙwabta, ƙofarsa ake fara bugawa. Da ƙura ta lafa a koma zaginsa.

Yakan ce, “Yazid, yaya aiki?”

Yazid yakan ce, “Aiki na wurinku, Oga. Mu wahala muke yi ku ci.”

Tizhe sai ya yi murmushi ya wuce.

Mutum ɗaya ce a gidan su Yazid ba ta bin sa a wannan ra'ayi, ƙanwarsa Sumayyat. Yarinya ce 'yar sakandare, mai surutu, ita kaɗai ke iya tsokanarsa ya ƙyale. Takan shiga wurin Eva ta koyi saƙa, in mahaifiyarsu Dijatu, wadda suke kira Dada, ta yi dambu, ita ke kai musu. Yazid ya hana, ta ƙi hanuwa. Hamma take kiransa, wato Yaya. Ta taɓa ce masa, “Hamma, kai ko ɗan sanda ya gaya maka wandonka ya yage ta baya, ba za ka shafa ba, gara ka zaga kasuwa da shi haka.” Dada ta yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi, amma bai sauya ba.

Masu keke suna da wata al'ada a tsakaninsu. In mutum ya hango 'yan sanda a gaba, sai ya juyo, duk ɗan'uwan sana'ar da ya gamu da shi ya buga masa yatsu biyu a kafaɗa, daidai inda ake ɗaura igiyar kofur. Ba a magana, ba a tambaya. Wanda ya ga alamar ya san abin yi: ya nemi wata hanya. Yazid yana cikin masu alfahari da wannan alama, yana cewa ta fi waya sauri.

Wata rana a ƙarshen damina Dada ta aike shi Mugulbu, gonar ƙanin mahaifinsu Bappa Bakari, ya ɗauko sabuwar masara, ya kuma dawo da Sumayyat da ta je hutu can. Da zai fita ta ce masa ya tuƙa a hankali, ya kawo mata yarinyarta kafin la'asar. Ya ce to.

Ranar sama tarwai take. Ko ɗigon ruwa bai sauka a Mugulbu ba. Can gabas dai, bisa duwatsun da ke wajen iyaka, hadari ya yi baƙi ya zauna tun hantsi, amma wa ke kallon abin da ke nesa? Tsakanin gonar da babbar hanya akwai wani ƙaramin mayo, wato rafi, wanda ba shi da gada. Da safe Yazid ya ratsa shi, ruwan ko rabin taya bai kai ba. Mutanen wurin sun san halinsa: ruwan da ya sauka a kan dutse shi ke cika shi, yana iya tasowa rana na haskawa. Yazid ma ya sani. Sani dai ne irin wanda ke kwance a kai ba ya motsi.

Suka ɗaure masara, Sumayyat ta hau baya da shuɗin hijabinta, tana cin gasasshiyar masara tana ba shi labarin 'yan matan gona. Kafin su kai mashigin mayo suka gamu da Ɗanjuma, wani mai keke, ya juyo da gudu. Ya buga yatsu biyu a kafaɗa ya wuce. Daga baya aka gane shi ma bai ƙarasa wurin ba. Baƙar riga kawai ya hango daga nesa, ya juya.

Yazid ya ƙara gaba kaɗan, ya ga abin da ke akwai. An jera ɗanyen ganye a tsakiyar hanya, irin yadda ake yi in mota ta lalace ko rami ya ɓurma. A bayan ganyen mutum ɗaya ne tsaye, ba mota, ba bindiga, sai kulki. Kofur Tizhe ne. Labari ya iso ofishinsu cewa an yi ruwa mai ƙarfi a kan dutse, aka turo shi shi kaɗai ya tare mashigin. Ba a ba shi komai da zai tare hanya da shi ba, shi ya sa ya karyo rassan dalbejiya da hannunsa.

Ya ɗaga hannu biyu. Sumayyat ta ce, “Hamma, mijin Anti Eva ne. Tsaya mana ka ji.”

Yazid ya ce, “Sun koyi sabon salo. Yanzu da ganye suke farauta.”

Akwai wata 'yar hanya ta hannun hagu da shanu ke bi, tana ratsa gonar dawa ta sauka mayo ta ƙasa. Ya san ta kamar tafin hannunsa. Ya karya kan keke ya shige ta. Ta madubi ya ga Tizhe ya yar da kulki ya biyo su da gudu cikin dawa, yana kiran sunansa, yana cewa ya tsaya, ruwa na zuwa. Yazid ya ji sarai. Kalmomin sun shiga kunnensa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai sun fito daga bakin da ya riga ya yanke wa hukunci, don haka ba su sami wurin zama ba. Ya ƙara wuta.

Da suka sauka cikin mayo ruwan ya ɗan yi ja, yana ɗauke da karare da kumfa. Suna tsakiya tayar baya ta nutse a yashi. Ya murɗa, ta ƙara nutsewa. Sai suka ji wani ƙugi daga sama, kamar babbar mota na tahowa a hanyar da ba mota. Sumayyat ta ce, “Hamma.” Ba ta ɗaga murya ba. Shi ne abu na ƙarshe da ya ji ta faɗa.

Abin da ya biyo baya bai zauna masa daidai a kai ba. Ya tuna sanyi, da yashi a baki, da keke na juyawa. Ya tuna hannu ya damƙi wuyan rigarsa ya ja shi har ya ji ƙasa a gwiwarsa. Ya tuna mai hannun ya sake shi, ya koma cikin ruwan da takalmansa. Sai da aka jima ya ga ya fito can ƙasa, yana rarrafe, shi kaɗai.

Manoman da ke kusa sun ga abu ɗaya: ɗan sanda ya bi mai keke da gudu, keke ya faɗa ruwa. Ba su buƙaci wanda zai ƙarasa musu labarin ba, sun daɗe da haddace shi. Suka taso da fartanya da sanduna. Tizhe yana durƙushe yana aman ruwa suka rufe shi. Yana cewa su bar shi su bi yarinyar, su bi ruwan ƙasa, ba wanda ya saurara. Yazid yana zaune a kan yashi, yana ganin komai kamar ta cikin gilashi mai hazo. Sai da Bappa Bakari ya iso ya shiga tsakani, sannan aka tuna akwai wadda ake nema.

Washegari aka same ta, ruwa ya ajiye ta a gindin wata bishiya, kanta ba ɗankwali. Aka yi mata sutura.

Yazid ya zauna a tabarmar gaisuwa a ƙofar gida. Bai yi kuka ba. Ana ba shi hannu yana karɓa, ana addu'a yana shafawa. Duk wanda ya zo, bayan ta'aziyya sai ya rage murya ya ce 'yan sanda sun kashe yarinya saboda na goro. Abokan sana'arsa suna ta huci, har ana maganar a kori kofur daga unguwa. Labarin yana da daɗin ɗauka. In ya bar shi haka, ba wanda zai taɓa tambayarsa komai, har ya mutu.

Da aka idar da wata addu'a, ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Ba korata ya yi ba. Tsayar da ni ya yi. Ya ce ruwa na zuwa, na ji shi. Ni na ƙi.”

Sai wani dattijo ya dafa shi ya ce, “Yi shiru, ɗana. Ruwan ne bai gama fita daga kanka ba.” Ɗanjuma ya ce ai kowa ya san halinsu, kada Yazid ya ɗora wa kansa. Aka ci gaba da hira daga inda aka tsaya.

Amma Dada ta ji, tana bayan labulen zaure. Da ya shiga gida ta dube shi, kallon da ya fi mari. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce, “Je ka gaishe shi.”

Ya tarar da Eva tana ɗaure tukwane a buhu. An ce su tashi, unguwar ba ta da aminci gare su yanzu. Ta kalle shi, ta matsa daga bakin ƙofa. Tizhe yana kwance a katifa, kai a naɗe, hannu ɗaya a ɗaure, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Yazid ya durƙusa.

Tizhe ne ya fara. Ya yi masa gaisuwar rashi, ya tambayi jikin Dada. Ya ce a ofis ma tambayarsa ake yi, me ya sa ya bar wurin da aka ajiye shi. Ya faɗi haka ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Sannan ya yi wa matarsa magana da yarensu, ta ɗauko wani abu a leda.

Shuɗin hijabin ne, an wanke, an ninke.

Tizhe ya ce, “Na kama shi, Yazid. Na ɗauka na kama yarinyan. Da na ja, shi kaɗai ya zo. Ka kai wa mama. Ka ce mata na yi ƙoƙari.”

Yazid ya karɓa da hannu biyu. Yana ƙamshin sabulun wani gida. Ya fito da shi a ƙirji, ya bi layin da rana tsaka, ya wuce majalisar samari, ya wuce tabarmin gaisuwa, ba wanda ya tambaye shi abin da ya riƙe.

Su Tizhe sun tashi, ba wanda ya raka su. A unguwa har gobe in an tuna Sumayyat, cewa ake yarinyar nan da ɗan sanda ya kora cikin mayo. Yazid yana gyara maganar duk inda ya ji ta, ana gyaɗa masa kai don tausayi. Ya koma tuƙi da keken haya, don gida sai an ci abinci. Ba ya buga kafaɗa, in an buga masa ba ya amsawa. In ya ga ganye a hanya yakan tsaya, ko da iska ce ta zubo shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, laifin mutum ɗaya ba ya zama laifin duk mai irin rigarsa. Gaskiya ne akwai 'yan sandan da suka cuci jama'a, kuma wanda aka cuta yana da hakkin ya nemi a bi masa kadi. Amma akwai wanda aka tura bakin hanya hannu wofi, ya tsaya a rana da ruwa don wani ya isa gida lafiya, ba ya samun ko amsar gaisuwa. In muka toshe kunne ga kowa saboda ƙiyayya, wata rana gargaɗin da zai ceci namu ne za mu ƙi ji. In an ɗaga maka hannu, ka tsaya ka ji abin da za a ce tukuna. In kuma ka ga an taru a kan mutum, ka tambayi abin da ya faru kafin ka ɗaga sanda.