Zomaye Shida a Cikin Kwali

Akwai wani tsohon malamin makaranta da mutanen unguwa ke kira Sarkin Taro, don ko famfo ne ya lalace sai ya kira mitin. Gidansa yana bakin gandun daji na gwamnati, inda masu ɗana tarkon waya suka kusa ƙarar da zomaye.

Shi ya kafa ƙungiyar kare su. Ranar farko mutum arba'in suka fito. Duk ƙarshen mako a shiga daji, a sunkuya ana laluben waya a gindin ciyawa, a dawo da ciwon baya da ƙaya a hannu. Ka cire goma yau, mako mai zuwa ka tarar da goma sha biyar.

Bayan shekara biyu saura mutum bakwai, su ma jan ƙafa kawai suke yi. Kowa ya gaji, har shi Sarkin Taron. Abin da ya fi cinsa, bai taɓa ganin zomo ɗaya da zai nuna ya ce wannan mu muka cece shi ba.

Wata safiya suka ci karo da 'ya'yan zomo shida kwance a wani ɗan rami cikin ciyawa, babu uwa.

"Tarko ya cinye uwarsu," in ji Sarkin Taro. "Ku nemo kwali."

Akwai wani dattijo a wurin da ya shekara talatin yana yanke ciyawar iyakar gandun saboda gobara. Ya ajiye laujensa ya ce, "Malam, ku bar su. Haka take yi. Wuni take nesa da su don kada ta jawo musu dila, sai da yamma ta zo ta ba su nono."

"Baba, kai lauje ka sani. Wannan kuma maganar ilimi ce."

Dattijon ya koma kan yankansa.

Aka kai su gida, aka shimfiɗa musu tsohon tawul a ɗakin girki. Matar Malam ta zauna da sirinji da madara tana ɗiga musu ɗaya bayan ɗaya har wuyanta ya ƙage.

"Malam, waɗannan fa ba sha suke ba, shaƙewa suke yi."

"Ci gaba dai, za su saba."

Ba su saba ba. Da gari ya waye biyu sun mutu. Kafin rana ta raba, wasu biyu suka bi su.

Wannan karon bai kira mitin ba. Ya ɗauki kwalin da kansa, ya taka har inda dattijon yake aiki, ya tsaya ya kasa ɗaga ido.

"Baba, saura biyu."

Dattijon bai yi masa gori ba. Ya ce, "Mu je, ko Allah zai sa uwar ba ta fid da rai ba."

Suka mayar da su ramin, suka koma bayan wata itaciya suka zauna. Awa biyu babu motsi, ƙafar Malam har ta sage. Rana na gab da faɗuwa sai ga uwar, tana tafe tana tsayawa. Ta shinshina su, ta tsaya a kansu, suka kama nono.

Da suka gama ba ta tafi ba. Ta riƙa zagaya ramin tana tura hanci cikin ciyawa.

"Me kuma take yi?" Malam ya tambaya a hankali.

"Sauran take nema."

Malam ya rufe fuskarsa da hularsa, ya daɗe bai cire ba.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu sani. Kafin ka miƙa hannun taimako, saurari wanda ya daɗe a wurin, ko da lauje ne kawai a hannunsa. Ku tura wa 'yan uwa masu aikin alheri, don kada gajiya da girman kai su sa mu kashe abin da muka fito karewa.