Tsada Sun Bar Tsaki

Akwai wani mutum mai ɗakin jinka a bayan gidansa. Tsada, ƙananan tsuntsayen nan masu jan baki, suka yi sheƙa a cikin jinkar da busasshiyar ciyawa da gashin kaji. Kullum in matarsa ta yi daka, sai su sauko gindin turmi suna tsince tsaki, ba sa damun kowa.

Wata rana matar ta kwantar da jaririyarsu Keziya a ɗakin, ta fito daka. Mutumin kuwa ya dawo daga gona, ya miƙe a inuwa. Shi dai in ya kwanta, ko kaza ba ta isa ta yi tari ba.

Sai tsada suka tashi gaba ɗaya daga gindin turmi, suka yi ta kewaya jinkar suna kuka. Ya watsa musu tsaki, ko ɗaya ba ta sauko ba.

Matar ta ce, "Maigida, ban taɓa ganin sun bar abinci haka ba. Ka leƙa ɗakin nan mana."

Ya ce, "Ƙoshi ne ya yi musu yawa." Ya ɗauki gora ya kore su har suka tsallake katanga. Gida ya yi tsit, ya koma ya kwanta yana jin daɗi.

Shirun nan ne ya tsorata matar. Ta ajiye taɓarya, ta leƙa ɗakin. Ga baƙin kumurci ya gama da sheƙar tsada, ya zuro rabin jikinsa daga jinka, yana lilo daidai kan yarinyar. Ba damar ihu, kada Keziya ta farka ta motsa. Ta durƙusa ta kama bakin tabarmar da yarinyar take kwance a kai, ta riƙa ja a hankali, tana addu'a a zuci, har ta kai ƙofa. Tana sungumar 'yarta, macijin ya faɗo tim a inda kan yarinyar yake ɗazu.

Sai a lokacin mutumin ya taso, ya ga macijin da idonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsada su ne masu faɗakarwa da Allah ya sa kusa da mu, wato Maganarsa, da lamirinmu, da ɗan'uwan da yake gaya mana abin da ba ma so mu ji. Macijin shi ne zunubin da ya shigo gida a ɓoye. Mutumin nan bai kori maciji ba, masu ba shi labari ya kora.

Ni abin da yake ba ni tsoro ke nan, 'yan'uwa. Da yawanmu mun tsawata wa mai faɗa mana gaskiya har ya daina, muna cewa mun sami salama. Idan babu sauran mai tsauta maka, kuma zuciyarka ta daina damunka a kan abin da ka san ba daidai ba ne, kada ka kwanta. Ka tashi yau ka duba gidanka, gama ba kai kaɗai kake kwana a ciki ba.