Kwanon da Aka Daina Nema

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bayan Zakirai. Danginsa suna raye, don haka zan bar sunansa a rufe.

Manomi ne kamar ubansa, mai shiru, mai saurin karaya. In damina ta yi kyau ya ce sa'ar wasu ce ta shafe shi, in ta ɓaci ya ce dama shi haka aka rubuta masa. Shekara arba'in yana zaune yana jiran wani ya zo ya gyara masa rayuwa.

A ƙauyen nan ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito da kwanon tuwonsa ƙofar gidan Nababa, yayan mutumin nan. A shimfiɗa tabarma, a jera kwanuka, a ci na wannan a koma na wancan. Yaran yanzu suna ɗauka cin tuwo ne kawai. A'a, ƙidaya ce. Ranar da kwanon mutum bai fito ba, ba a sa hannu a abinci sai an tashi wani ya je ya dubo ko lafiya.

Wata shekara mutumin nan ya kai wake kasuwar Dawanau, ya dawo da babbar waya. A cikinta ya gamu da wani saurayi mai zaƙin baki, kullum yana cewa: "Rayuwarka fim ce, kuma kai ne jarumin. Ka daina zama ɗan rakiya a labarin wasu."

Ya 'yan uwa, zan yi wa maganar nan adalci. Da farko ta amfane shi. Ya daina kukan ƙaddara. Ya tashi da asuba yana kai taki gona tun kafin kowa ya ɗaura wa jakinsa mangala. Ya gyara rumbunsa da ya shekara uku yana yoyo. Geron da ya samu a shekarar nan har mutane suna tsayawa a bakin hanya suna kallo. Wa zai ƙi wannan? Ai addini ma bai ce ka kwanta ka ce Allah ya kawo ba.

Amma Shaiɗan ba ya hana ka shuka. Bari yake ka shuka, sannan ya zo ya zauna a tsakiyar gonar.

Mutumin nan ya fara lissafi: in ni ne jarumi, to su waɗannan fa? Ya duba yayansa, ya duba maƙwabtansa, ya duba tsofaffin da suka yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, ya ga duk cikon wuri ne. In ana hira sai ya jawo ta kansa. In wani yana ba da labarin ciwon ɗansa, shi yana jiran ya gama ya faɗi yawan dammunansa. Aka fara tsokanarsa da "Jarumi", shi kuwa ya ɗauka sarauta aka naɗa masa.

Rannan kwanonsa bai fito ba. Aka tashi mutum ya dubo, ya ce lafiya ƙalau. Washegari ma haka. A rana ta uku Nababa ya je da kansa.

Ya ce, "Ƙanena, ko an ɓata maka ne? Wurin kwanonka yana nan, ba wanda ya zauna."

Ya ce, "Yaya, zaman nan yana ja da ni baya. Kullum hira ɗaya, kullum fuska ɗaya. Ni yanzu na san inda na dosa. Ku daina aiko mini mutum kamar wani maras lafiya. Ku dai ku zuba ido ku yi kallo."

Nababa ya sa takalminsa ya fita. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai gaya wa kowa ba sai daga baya. Daga ranar aka daina neman kwanon.

Da kaka ta wuce, mutumin ya tashi daga cikin gari ya gina ɗaki biyu da sabon rumbu a ƙarshen gonarsa, ya juya ƙofar ta kalli daji. Jam'i ya koma sai ran Juma'a. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, duk ya ce ba fitowarsa ba ce a fim ɗin.

Matarsa Aina'u mace ce mai haƙuri. Mahaifinta ya kwanta ciwo a Tofa, ta roƙe shi ya raka ta ko na yini ɗaya. Ya ce ba zai bar aikinsa don abin da ba a cikin tsarinsa yake ba. Ta ce, "Malam, to ni a fim ɗin naka mece ce?" Ya ci gaba da danna waya. Ta ɗauki yaranta biyu ta tafi jinya. Tsohon ya rasu, mijinta bai taka ba, ita ma ba ta dawo ba.

Kuna tsammani ya farka? Cewa ya yi kowane jarumi sai ya bi ta cikin kaɗaici. Ya dafa da kansa, ya ci shi kaɗai a bakin ƙofa, wayar tana jingine da buta tana gaya masa shi na daban ne.

Kaka ta sake zagayowa. Duk wanda ya taɓa noma a nan ya san zuba gero a rumbu aikin mutum biyu ne, ɗaya yana miƙa dami, ɗaya yana sama yana karɓa. Shi ya ce zai yi shi kaɗai. Ranar Litinin da hantsi ya ɗora dami a ka, ya hau tsani. Tsanin ya zame. Ya faɗo da baya a kan dutsen da aka girke rumbun a kai. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake motsi ba.

Wayar tana kan tabarma, taku biyar daga inda yake, saurayin nan yana ta zuba har caji ya ƙare. Ya yi kira, ya yi kira. Wa zai ji? Ƙofarsa daji take kallo.

Magariba ta yi, aka jera kwanuka a ƙofar gidan Nababa, aka ci, aka watse. Talata ma haka. Ba mugunta aka yi masa ba. Shekara guda yana koya wa mutane cewa rashinsa ba labari ba ne, kuma sun koya.

Sai ran Laraba da la'asar wata tsohuwa, Hure, ta biyo akuyarta da ta tsinke, ta same shi leɓɓansa sun tsage da ƙishirwa. Waɗanda ya ce su yi kallo su suka ɗauko shi a kan ƙyauren ɗakinsa, mutum shida. Nababa yana gaba yana kuka kamar yaro.

Ya 'yan uwa, saura abin da ya fi yi mini nauyi. Limamin ƙauyen nan ni ne.

Na je duba shi asibiti. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, daga inda nake kwance ina jin ku. Iska tana kawo mini dariyar Yaya a wurin ciyayya. Ina jin muryarka a lasifika, kowace salla. Ni ina jin kowa, ba mai ji na."

Kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na kama lasifikar nan sai na tuna. Ni ma ran Talatar na lura ban ga giccinsa ba, na ce a raina, Jarumi yana can yana fim ɗinsa. Na yi murmushi, na ci tuwona. Ya ce mu yi kallo, mu kuwa muka yi masa biyayya a kan abin da bai kamata a bi shi ba.

To ku ji. Ka tashi ka yi wa kanka, ka riƙe ragamar rayuwarka, wannan daidai ne, don kai za a tambaya a kanta. Amma ranar da ka ga ɗan uwanka ya zama ɗan rakiya a idonka, ka sani wannan ba ƙarfin zuciya ba ne. Girman kai ne, ciwon da ya fitar da Iblis daga rahama. Kowane mutum da ke zaune kusa da kai yanzu yana da nasa labarin, kuma a wurin Allah ba a san wane ne babba ba.

Ku kuma da kuke da ɗan uwan da ya janye kwanonsa, kada ku yi abin da na yi. Ko ya kore ku, ku koma. Ku je yau, kafin magariba.

Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana. Allah ya kiyaye mu daga ranar da za mu kira a rasa mai amsawa, ya kiyaye mu daga zama waɗanda aka kira ba su zo ba. Amin.