Ƙwaryar da Waziri Ya Ƙi Dakawa

A zamanin da, a wata ƙasa tsakanin kogi da duwatsu, ba a gadon sarauta, zaɓe ake yi. In sarki ya rasu, sai a ajiye ƙwarya biyu a ƙofar fada, kowane mai nema da tasa. Kowace sana'a ta turo babbanta ya jefa abin hannunsu a ƙwaryar wanda suke so: manoma gero, maƙera gawayi, magina tukunya yumɓu. Wanda tasa ta fi cika, shi ne sarki. Kafin rana ta faɗi kuma, a juye duka biyun a turmi ɗaya, a dake, a watsa a bakin kasuwa, don kada a sake tambayar wa ya bi wa.

Shekarar da aka naɗa Sarki Tunau, ba a yi dakan ba. Wazirinsa Barau ya ce a bari sai an gama shagali. Ya ɗauke ƙwaryar Jatau, wanda ya faɗi, ya kai gida, ya zauna yana tsintarta kamar mai tsintar shinkafa. Kashegari dogarai suka tashi maƙera da magina tukunya da 'yan gishiri da masu daddawa daga kasuwa. Rumfunansu kuwa, surukan Waziri aka zaunar.

Wata uku, kasuwa ta mutu. Mutumin ƙauye zai kawo gero, ya nemi fartanya babu, tukunya babu, ya ɗora kayansa ya wuce garin gaba. Ga damina ta ƙarato.

Sarki ya tara fada ya ce a gaya masa abin da ya kashe masa kasuwa. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mutanen Jatau ne ke hure wa baƙi kunne. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai daddawa, Gwamma."

Aka zo da Gwamma. Shekara arba'in tana dafa kalwa, yanzu ga jikoki tara a gida, ga tukwane a kife. Ta durƙusa iyakar abin da gwiwa ta yarda, ba ta ƙara ba.

Waziri ya daka mata tsawa: "Ke tsohuwa, wa kika jefa wa?"

"Kai da ka kwana da ƙwaryar, ni za ka tambaya? Jatau na jefa wa. In an sake gobe, shi zan jefa wa."

Fadawa suka yi ca. Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Iya, ba ki tsoron a kore ku daga garin?"

"Ranka ya daɗe, an kore mu daga inda abinci yake, saura me? Amma tunda an ce ƙwaryarka ta ishe ka, a gwada. Kwana bakwai, kai da fadawanka, kada ku taɓa abin da ya fito daga hannunmu. In kun cika, ni da unguwarmu mu bar gari. In ɗayanku ya karya, a yi dakan da aka ƙi yi."

Waziri ya yi dariya. "Gero namu, nama namu, Zaki. A karɓa."

Aka karɓa. Aka shiga madafa aka kwashe tukwane, aka kwashe gishiri da daddawa. Aka zo kan wuƙa, mai girki ya riƙe, Gwamma ta ce, "Uban wa ya ƙera ta?" Ya saki. To, rago dai ga shi a ɗaure, ana kallonsa yana kallon mutane. Sai jiƙaƙƙen gero a ƙwarya, safe da yamma.

Kullum Gwamma na zuwa fada ta zauna tana kallo. Rana ta biyar ta duba: wuyan Sarki ya zurma cikin rawani, Sarkin Dogarai na jingine da bango, amma Waziri fuska sai sheƙi. Ita kuwa ta san jiya wata mai lulluɓi ta zo gidanta neman daddawa, ta sayar mata, ta zaɓa mata mai ƙarfin. Da Waziri ya gifta, hancinta ya gaya mata sauran.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka matso da Wazirinka ka shaƙi gemunsa."

"Tsohuwar banza, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Da wanda ya sha miyar kuka ta daddawata bai wanke baki ba."

Mai yunwar kwana biyar ba a ɓoye masa ƙamshin miya. Tun kafin Waziri ya iso gaban karaga, Sarki ya ji. Ya ce, "Barau, ni ina cin gero kamar kaza, kai kana cin tuwo? Su wa ke zaune a rumfunan nan na kasuwa?"

Sarkin Dogarai ya amsa masa, da suna ɗaya bayan ɗaya.

Ranar nan aka kai turmi tsakiyar kasuwa, aka juye ƙwarya biyu, aka cire wa Barau rawani aka ba shi taɓarya. Ya yi ta daka, mata na gyara masa riƙo, har gero da gawayi da yumɓu suka zama gari ɗaya. Aka watsa. Kowa ya koma rumfarsa, kafin ruwan fari maƙera sun fitar da fartanya, 'yan ƙauye suka dawo.

Sarki ya tsaya a rumfar Gwamma ya ce, "Iya, yanzu fa? Ni za ki jefa wa?"

"A'a. Amma kai ne sarki, kuma rijiyar kasuwa ta cushe. Jibi unguwarmu za ta fito gayya. Ka turo naka, su zo da igiya, kada su zo da baki."

Ta juya ga mai sayen da ke bayansa. Nan labarin ya tsaya, rijiya kuwa an yashe ta.